Yadda Ba-Kuskure Ya Gyara Dutsen Bayan Layi

"Duk faɗin garin nan babu wanda ya san dutse kamar ni. Shekara ashirin da bakwai ina ɗora dutse kan dutse. Ka ɗaure min ido, ka miƙo min dutse in lasa, in gaya maka ramin da aka haƙo shi da direban tifar da ya kawo shi."

Mijin yayata ke nan a bencin mai shayi, yana magana yana juya cokali a kofi kamar mai kwaɓa siminti. Magini ne. Sunansa na gaskiya ya ɓace tuntuni, kowa Ba-Kuskure yake ce masa, saboda duk bangon da ya karkace a hannunsa sai ya ce ƙasar wurin ce ta karkace. Ni kuwa shagona na gyaran rediyo yana kallon bencin, don haka duk cika-bakinsa a kunnena yake sauka, kyauta.

Abin da ya tayar da maganar shi ne dutsen bayan layinmu. Wani shimfiɗaɗɗen dutse ne, ya kai rabin filin ƙwallo. Mata na shanya a kai, awaki na shan hantsi, magina kuma in tsakuwa ta yanke musu sai su ɓalli gefensa. Babu wanda ya taɓa kallonsa sau biyu, sai da wata mata ta zo da hular rana da 'yar guduma a ƙugu, ta durƙusa a kai tun safe har azahar tana leƙa shi da ɗan gilashi. Mu duk mun ɗauka ɗan kunne ta yar.

Ashe malamar jami'a ce, masaniyar duwatsu, Dakta ake ce mata. Ta sa Ciyaman na ƙungiyar unguwa ya tara mu a ajin firamare, manya da gemu muka cusa gwiwoyi a bencin yara. Ta ce layi-layin nan da ke kan dutsen, kamar an ja yatsu a kan rairayi, sawun igiyar ruwa ne. Ta ce nan inda muke zaune teku ne a da, wajen shekara miliyan casa'in. 'Yan gurabun nan kuma masu kama da farce, katantanwar ruwa ce ta kwanta a laka, lakar ta zama dutse.

Mai shayi ya ɗaga hannu. "Dakta, teku a nan? Mu da famfonmu sai Laraba da Asabar?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ta fito da wani ɓallin dutse daga jaka ta ce a zagaya da shi kowa ya gani. Da ya zo hannun Ba-Kuskure sai ya miƙe tsaye. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya lasa, ya girgiza kai.

"Wanda ya kwaɓa wannan ya ci amanar mai gida," in ji shi. "Yashi ya yi yawa, siminti kaɗan. Ba zai ga damina biyu ba."

"Ya ga damina miliyan casa'in, Malam."

"Na sani. Gwada ki nake."

Ya zauna, bencin ya yi ƙara.

Daga ƙarshe Dakta ta faɗi abin da ya hana mijin yayata sakat. Ta ce nan da mako biyu za ta dawo da Darakta na ofishin da ke kula da irin waɗannan wurare. In ya ga unguwa ta san darajar abinta, za a sa dutsen cikin wuraren da ake karewa, a kafa allo, a kuma ɗauki mutum ɗaya daga cikinmu ya zama mai kula da dutse. Albashi duk wata, hula da riga mai tambari, aikinsa kawai ya hana ɓarna ya zagaya da baƙi. Ta roƙe mu kar a fasa, kar a yi rubutu, kar a zuba shara. Ta ƙara da cewa kar a taɓa komai, a bar shi yadda yake. Wannan na ƙarshen bai shiga kunnen Ba-Kuskure ba, don a lokacin yana auna kansa da igiyar awo ya ga lambar hular da za ta yi masa.

Gaskiyar magana, yana bukatar aikin. Gwiwoyinsa sun fara ƙara in ya hau tsani, kuma matasan magina sun kwashe masa kwastomomi. Amma maimakon ya nema a hankali, washegari ya sayar da tsanin.

"Ka sayar da tsani?" in ji Yaya. Wanki take yi wa mutane, hannunta cikin kumfa take tambayarsa. "An ba ka aikin ne?"

"Wa za a ba in ba ni ba? Ke?"

"To in ba a ba ka ba, da me za ka hau gini?"

"Mai kula da dutse ba ya hawa komai, sai dai a hawo a same shi."

Ya zo shagona ya ce in ara masa lasifika, zai wayar da kan jama'a. Na ɗaura masa ita a baro da batirin mota. Ya gwada jawabinsa a gabana, duk teku da katantanwa da miliyan. Na ce masa, "Maigida, mutanenmu ba sa juyowa sai sun ji abu mai walƙiya. Sa zinariya a ciki."

Allah ya sani ni shawara kawai na bayar.

Ya tura baro ya bi layi-layi har la'asar. "Jama'a ku saurara. Dutsen bayan layi ba dutse ba ne, dukiya ce. Ɗan ɓallin da bai kai tafin hannu ba ya fi zinariya daraja. Masana na hawa jirgi su zo ganinsa. Ni ne mai kula da shi, duk mai tambaya ya same ni."

Babu wanda ya same shi da tambaya. Washegari da safe dai unguwa ta tashi da ƙwanƙwasa kamar maƙera. Muka fita muka tarar da rabin layi a kan dutse. Mai nama da gatarinsa, tela da guduma, kanikawa da ƙarafan taya, har wata tsohuwa da ba ta fita ko biki ta zo da taɓarya da buhu. Abin da ya ceci tsakiyar dutsen, inda sawun ruwan ya fi fitowa, shi ne Yaya ta riga kowa ta shimfiɗa zannuwan gadon mutane a wurin, kuma duk unguwa babu mai ƙarfin halin ɗaga shanyar Yaya. Gefen dutsen kuwa ya sha duka.

Ba-Kuskure ya shiga tsakiyarsu da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. "Ku tsaya. Me kuke yi haka?"

"Kai ka ce ya fi zinariya," in ji mai nama, bai ko ɗago ba.

"Na ce a kiyaye shi."

"Ai kiyayewar muke yi. Kowa zai kiyaye nasa a ɗaki."

"Inna, ke ma?" ya ce wa tsohuwar.

"Ɗan nan, jikoki gare ni. Matsa, kana kare min haske."

Kafin Ciyaman ya iso ya kore su, an yi rami goma sha uku. Ciyaman ya tsaya yana ƙirgawa da sandarsa, ya juyo. "Ba-Kuskure, in Dakta ta ga ramukan nan, ba hula ba, ko hankici ba za ka gani ba. Mu ma ka ja mana."

"Ciyaman, rami ne fa. Rami nawa na rufe a rayuwata?"

Ya sake ɗaukar baro da lasifika, wannan karon yana roƙo. Duk wanda ya ɗebi dutse ya dawo da shi don Allah, ba za a tambayi suna ba. Jama'a kuwa suka nuna halin kirki. Kafin yamma ƙofar gidan Yaya ta cika. Akwai fasasshen bulo, akwai dutsen niƙa, akwai guntun tayil na banɗaki mai fure shuɗi. Na gaskiyar kowa ya tura nasa ƙarƙashin gado. Masanin dutse ya zauna a kujera yana karɓa ɗaya bayan ɗaya, yana lasa, yana cewa, "Shi ne. Allah ya yi albarka."

Da ya kai su dutsen babu wanda ya shiga raminsa. Ya tsaya ya riƙe ƙugu. Na ce masa ko mu kira Dakta a waya mu gaya mata gaskiya.

"A kira ta a ce mata me? Ga magini a tsaye? Kawo kwanon sarki."

Ya jera tarkacen a ramukan, ya kwaɓa siminti ya zuba, ya shafe da cokalin gini sumul. Sai ya ga facin ya fita daban, don shi dutsen layi-layi ne. Ya gwada jan layi da yatsa, bai yi masa ba. Ya ɗauko matsefin Yaya, layukan suka yi ƙanana. Can idonsa ya faɗa kan wani tsohon kwanon rufi da ke jingine a katangar maƙwabta. Ya ɗora shi kan ɗanyen siminti, ya hau ya yi tsalle biyu, ya ɗaga. Layuka suka fito a miƙe, tazara ɗaya, kamar sojoji a fareti.

"Kalli nan," in ji shi, "ka kalli nasu. Teku ba ta sa igiya ba. Ko lebura ba zai yi min wannan aikin ba in biya shi."

Katantanwa kuma da bayan cokalin shayi ya yi su. Da farko uku-uku yake dannawa a kowane faci, da hannu ya faɗa sai ya koma yin layi, har ya yi wa wani facin zagaye kamar adon bakin faranti. Da simintin ya bushe ya yi fari fat, shi kuwa dutsen ja-ja ne. Ya je ya kwaso dafaffen ganyen shayin da mai shayi ke zubarwa ya goga. Ya yi kala, ba laifi, sai dai ƙudaje sun yi zaton walima ce.

Ya so ya wuce tsakiya ya daidaita na asalin ma. Ya iso da kwanon rufinsa ya tarar da Yaya tana matse zani.

"Ɗage shanyar nan in yi aiki."

"Wane aiki?"

"Layukan nan sun karkace."

"Bangon ɗakinmu ma ya karkace, shekara goma sha ɗaya ina jiran ka. Fara da can."

"Ke ba ki san dutse ba."

"Na san wannan. A kansa nake ci da kai. Ka taka zanin mutane da ƙafar siminti ka gani."

Ya juya da kwanonsa yana cewa mata ba su san ci gaba ba.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila an rufa asiri. Amma saura kwana huɗu ya zo shagona yana ta murna, ni kuma bakina ba ya zama. Na ce, "Maigida, kana ganin babban mutum kamar Darakta zai ƙona mai ya zo nan don katantanwar da ba ta kai farce ba?" Na buɗe waya na nuna masa hoton manyan dabbobin nan na zamanin da, masu wuya kamar falwaya, da irin sawun da aka ce suna bari a dutse.

Ya daɗe yana kallo. "Yatsu nawa?"

"Uku."

"Uku kawai? Ai wannan aikin rabin buhu ne."

A gefen da mai nama ya yi wa rami mafi girma ya zuba sabon kwaɓi. Ya danna gindin bahon Yaya ya yi dunduniya, ya kwantar da taɓarya sau uku ya yi yatsu, ya fiƙe farata da cokalin gini. Sawu ya fito, mutum zai iya zama a ciki ya ci abinci. Ya tafi wanke hannu. Kafin ya dawo awaki bakwai sun bi ta kai, ɗaya ma ta tsaya ta bar masa tsaraba.

Ya fasa ya sake. Wannan karon ya ce sai an kewaye. Ya jera bulo ya ja igiya, ya rataya kwali mai cewa an hana wucewa. Abin da bai duba ba, ta nan ne hanyar famfo, ranar kuma Asabar ce. Mata suka iso da bokitai suka tsaya a igiya.

"Baban yara, wa ya rasu aka tare hanya?" in ji matar tela.

"Ku zagaya. Wurin tarihi ne."

"Tarihin da muka ga kana kwaɓawa ɗazu?"

"Kulawa nake yi da shi."

"To kula da shi ta gefe, ruwa zai ɗauke."

Ta ɗaga igiyar ta wuce, sauran suka bi ta. Su dai sun kauce wa sawun, amma da igiya ta faɗi sai ga Ciyaman a kan keke, yana sauri ya ga abin da ya tara mata. Tayar gaba ta shiga ta dunduniya ta fita ta yatsan tsakiya, shi kuma ya sauka a kan gwiwa. Ya tashi yana kakkaɓe wando, ya kalli sawun, ya kalli Ba-Kuskure.

"Mene ne wannan?"

"Abin da na gano ne, Ciyaman."

"Ka gano shi da ɗanye?"

"Raɓa ce."

Ciyaman ya waiga ya ga ko wani ya ji. Shi ma so yake a kafa allon nan da sunan ƙungiya a ƙasa, don haka ya ɗauki kekensa ya ce shi bai ga komai ba, kuma ba ya son ya gani.

Siminti ya ƙare, sai da aka jira mai shago ya kawo, bai kuwa kawo ba sai jajibirin zuwan baƙi da yamma. Don haka sawu na uku ranar zuwansu aka yi shi, da sassafe. Babu lokacin jira ya bushe a goga ganye, sai Ba-Kuskure ya ce zai kwaɓa da ruwan shayin gaba ɗaya, kalar ta shiga ciki. Mai shayi ya ba shi bokiti guda na ragowar kofunan jiya, da sukarinsa da komai. Daga baya wani injiniya ya gaya min sukari na hana siminti kamawa. Ni a lokacin na dai lura kwaɓin na danƙo, amma tunda ba a tambaye ni ba ban ce komai ba.

Ya gama, ya barbaɗa jar ƙasa a kai, ya kafa bulo huɗu ya ɗora tabarma ta rufe. "Kafin ƙarfe goma ya zama ƙarfe," in ji shi. Ya je ya yi wanka, ya sa wata kwat da ya aro wurin tela, ya ɗauki sandar tsintsiya a matsayin sandar nuni.

Ƙarfe goma da rabi motoci biyu suka tsaya. Dakta ta fito, da ɗalibanta, da mai ɗaukar hoto, sai Darakta, wani dogon mutum mai tumbi da takalmi baƙi mai sheƙi, irin wanda kana iya gyara hularka a cikinsa. Unguwa duk ta fito. Yaya ta kwashe shanya ta share tsakiyar dutsen tas, ta koma gefe ta tsaya da kwandonta.

Ciyaman bai gama barka da zuwa ba Ba-Kuskure ya shiga gaba. "Ranka ya daɗe, ni ne mai kula da wurin. Biyo ni."

Ya bi da su ta kan sawun ruwan na gaskiya ko kallo bai yi ba. Dakta ta ce, "Malam, ai ga abin da muka zo gani nan."

"Wannan tsohon yayi ne, Dakta. Masu kyaun suna gaba."

Ya tsaya a kan facin farko ya nuna da sanda. Darakta, wanda da alama takarda ya fi sani ba dutse ba, ya sunkuya ya gyaɗa kai. "Lallai waɗannan sun fi fitowa. Ikon Allah. Kamar da rula aka ja."

Dakta ta matso kusa. Ta durƙusa, ta fito da ɗan gilashinta, ta kori ƙudaje, ta leƙa. Ta auna tazarar layi da yatsa. Ta kai hanci ta sansana. Ɗalibanta suka fara kallon sama suna cije leɓe.

"Malam," in ji ta a hankali, "tazarar layukan nan daidai take da ta kwanon rufi."

"Ai masu kwano daga teku suka kwaikwaya."

"Katantanwar kuma duk girmansu ɗaya."

"'Yan gida ɗaya ne."

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, fuskarta babu dariya. Ta ƙirga facin da ido har goma sha biyu, ta ja numfashi, ta kama hanya ta koma tsakiya. "Yallaɓai, zo ka ga wannan tukuna." Ta nuna masa layukan na asali, yadda suke lanƙwasa suna haɗewa suna rabuwa, ta sa shi ya shafa da tafin hannu. Ta nuna masa wata katantanwa ƙarama da rabinta ke cikin dutse. "Nan ko ƙwarzane babu. Wa ya tsare wannan ɓangaren?"

Sai matar tela ta ce, "Mai wanki ce. Ko mijinta bai isa ya taka nan ba."

"Wace ce?"

Yaya ta ɗaga hannu, kwando a ƙugu. "Ni dai wurin shanyata na tsare, Dakta."

Darakta ya zaro biro ya rubuta wani abu a littafinsa. Na ga idon Ba-Kuskure ya bi biron nan daga farkon layi har ƙarshe. Hular da ya auna wa kansa yake gani tana tafiya kan matarsa.

"Ranka ya daɗe," ya ɗaga murya, "duk wannan share fage ne. Babban abin yana nan. Ko Dakta ba ta san da shi ba."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Dakta.

Ya ja su zuwa tabarma. Jama'a suka kewaye, na baya suna ɗage. Ciyaman ya ja baya ya soma duba tayar kekensa. Ba-Kuskure ya kama gefen tabarma, ya jira mai hoto ya shirya, ya yaye.

Sawun ya yi kyau, in faɗi gaskiya. Jar ƙasar ta zauna, faratan sun fito. Har tsohuwar nan mai taɓarya ta yi salati.

"Wannan," in ji shi, yana zagaya shi da sanda, "sawun wata dabba ce da tsawonta ya kai bas uku. Ta fito daga teku za ta sha iska ta taka nan. Shekara miliyan ɗari da hamsin."

"Ba casa'in ba?" in ji mai shayi daga baya.

"Ta riga tekun zuwa."

"Ina sauran sawun?" in ji wata ɗaliba. "Ƙafa ɗaya gare ta?"

"Tsalle take yi."

Darakta dai ya riga ya kamu. Ya miƙa wa direbansa littafi, ya gyara riga. "Wannan shi za a sa a allo. Mai hoto, ɗauke ni da ƙafata a ciki, mutane su ga girmansa."

Dakta ta ce, "Yallaɓai, da ka bari in duba shi."

"Yanzu, Dakta. Hoto ɗaya."

Ya ɗaga ƙafar dama. Na kalli mijin yayata. Mai kula da dutsen da ke cikinsa yana ce masa yi shiru, maginin da ke cikinsa yana ce masa yi magana. Shekara ashirin da bakwai yana korar mutane da kaji daga kan sabon daɓe, bakin ya riga ya saba.

"Ranka ya daɗe, kar ka taka, bai bushe ba!"

Maganar ta fita, ƙafar ta sauka. Takalmin ya nutse har idon sawu da wata 'yar ƙara kamar an tsotsi mangwaro. Darakta ya ja, ƙafa ta fito, takalmi ya zauna. Ya tsaya a ƙafa ɗaya da safa mai ratsin ja, ya dafa kafaɗar direba. Mai hoto kuwa aikinsa yake yi, sai ƙyas-ƙyas kake ji.

Babu wanda ya yi dariya tukuna. Kowa na jiran wani ya fara.

Dakta ta sunkuya ta lakato kwaɓin da yatsa ta murza. "Shekara miliyan nawa ka ce, Malam?"

"Ƙarfe shida da rabi ya gama, Dakta," in ji Yaya. "Da bahona. Har yanzu bai wanke min ba."

Nan wurin ya fashe. Mai nama ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki, matar tela ta kifa bokiti a kai, ɗaliban Dakta suka rungume juna. Darakta ya juya a ƙafa ɗaya yana neman Ciyaman, ya same shi a bayan keke.

"Ciyaman, wannan ne kuke so a ba hula?"

Ciyaman ya ce shi yau ya fara ganin mutumin.

Shi kuwa Ba-Kuskure bai ji ko ɗaya ba. Idonsa na kan aikinsa da aka ɓata. Ya sa hannu cikin kwat ɗin aro ya zaro cokalin gini, ya durƙusa a gaban jama'a ya soma shafe gefen da ya fashe. Da ya zo kan takalmin ya tsaya, ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, a cire shi, ko a shafe da shi?"